Kunnena na hagu ya daina ji bayan aiki: zai dawo, ko yaya zan yi?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole nan Damagaram, na haura shekara 40. Tun ina yaro kunnena na hagu yake ruwa. Wata biyu ke nan da aka yi mini aiki, aka ce an kwashe wani abu da yake cin ƙashi a ciki. Ruwan ya tsaya, alhamdu lillahi, amma kunnen ya toshe, sai wani ƙugi dare da rana. In an kira ni ban san ta ina aka kira ba, har an fara cewa ina girman kai, ba na amsa sallama. Jin zai dawo? In ba zai dawo ba, yaya zan yi?

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Dawowar jin ko rashin dawowarsa ya danganta da wurin da ɓarnar take, don haka daga nan za mu fara.

Sauti yana shiga ramin kunne ya bugi fatar dodon kunne. Bayan fatar akwai ƙananan ƙasusuwa guda uku a jere, su ke miƙa motsin zuwa can ciki, inda katantanwar kunne take, ita kuma ta mayar da shi saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon da muke kira kolestiyatoma. Ba daji ba ne. Fata ce take taruwa a bayan dodon kunne tana girma, tana cin duk ƙashin da ta jingina da shi, kuma ƙananan ƙasusuwan nan take fara ci, musamman na tsakiyar. Sau da yawa mai aikin yakan tarar sun ruɓe, ko kuma dole ya cire su kafin ya kai ga ciwon. Shi ya sa wani yakan farka daga aiki ya ji jinsa ya ragu a kan na da. Babbar manufar wannan aiki ita ce a samu kunne busasshe wanda ba zai kai ciwo ga jijiyar fuska ko ƙwaƙwalwa ba. Maganar ji tana zuwa ne a baya.

To, in hanyar ce kawai ta katse, katantanwa da jijiya suna nan lafiya, ana sa ran jin zai iya gyaruwa. Wata biyu ma bai isa a yanke hukunci ba, domin abin da ake cusawa a cikin kunne lokacin aiki, da busasshen jini, da kumburi, sukan ɗauki makonni kafin su washe, kuma galibi sai wajen wata uku ake auna ji a san inda aka tsaya. Likitoci da yawa kuma sukan sake buɗe kunnen bayan wata 6 zuwa 12 don su tabbatar ciwon bai sake tsirowa ba, a lokacin ne ake gwada haɗa hanyar da ɗan ƙashi ko ɗan ƙarfe. In kuwa katantanwar ce ta mutu, ko jijiyar, kamar yadda yakan faru ga wanda aka cire wa ƙari daga kan jijiyar ji, gaskiya jin ba ya dawowa da kansa. Babu ƙwaya, babu ɗigo, babu turare da zai tayar da shi, kuma gara ka ji haka daga bakina da ka ƙarar da jarinka wajen masu cewa suna da magani.

Akwai ɗan gwajin da za ka yi yanzu a zaune. Rufe bakinka ka yi gunji a hankali, mmm, ka saurari inda muryar ta fi fitowa. In ta taru a kunnen da aka yi wa aiki, alama ce hanyar ce ta toshe, cikin yana da rai. In ta gudu ta koma kunnen dama, ana zargin cikin ne ya taɓu. Alama ce kawai. Hukunci yana wurin awon ji da na'ura, wanda takardarsa ake kira odiyogram: a sa maka abin sauraro a kunne, sannan a ɗora wani ɗan ƙarfe a kan ƙashin bayan kunne, a kwatanta biyun. Ka koma sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wato ORL, ka nemi a yi maka, ka kuma tambayi wanda ya yi aikin kai tsaye: ƙasusuwan suna nan ko an cire? Katantanwar tana aiki? Akwai aiki na biyu? Ka riƙe takardar awon da ta aikin wuri ɗaya, domin ko Yamai ko Kano ka je nan gaba, su za a fara tambayarka.

Ko da wace amsa ka dawo, watannin da ke gabanka da kunne ɗaya za ka yi su, kuma nan ne mutane suka fi shan wahala don ba a yi musu bayani ba.

Mai kunne ɗaya bai rasa rabin ji ba. In kuna zaune kai da mutum ɗaya a ɗaki shiru, kusan komai za ka ji. Abin da ya tafi shi ne aikin da kunnuwa biyu suke yi tare. Idan aka kira ka daga hagu, muryar tana riga isa kunnen hagu kafin na dama da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kuma tana ɗan fi ƙarfi a can. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa take gane inda mai kiran yake. Yanzu da babu abin da za ta kwatanta, kowane sauti sai ya zama kamar daga dama yake. Shi ya sa kake waiwayawa inda babu kowa, ko wayarka tana kuka a ɗaki kana zagaye ba ka gan ta ba.

Sai kuma kanka da kansa, wanda ya zama shamaki. Ka tuna yadda ake jin biki daga bayan katanga: dukan ganga yana iso ka sarai, amma kalmomin waƙar ba sa fitowa. Sauti mai kauri yana zagaye kai ya isa kunnen dama, mai siriri kuwa, irin na s da sh da ts da f da t, kai yana tare shi, har yakan rage shi da desibel 15 zuwa 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Don haka kake jin cewa ana magana, kana jin hawa da saukar murya, amma ba ka kama abin da aka ce ba. Ga ɗan kasuwa wannan ba abin wasa ba ne. Talatin da tamanin hawa da saukarsu ɗaya, kuma tsakanin dala talatin da dala tamanin akwai sefa 250, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. In jika ne kuwa, lissafin ya girma. Ka mayar da shi ɗabi'a: duk kuɗin da aka faɗa, ka maimaita da bakinka, ko ka buga a waya ka nuna. Ba wanda zai ga laifin ɗan kasuwar da yake tabbatar da ciniki.

Abu na uku shi ne hayaniya. Da kunnuwa biyu ƙwaƙwalwa tana iya ware muryar mutum ɗaya daga cikin surutu, da ɗaya kuwa komai yana cakuɗewa. Ranar Alhamis da kasuwa ta cika, ga kabu-kabu, ga masu shela, ga rediyon maƙwabci, za ka koma gida a gajiye liƙis, kai yana ciwo, ba ka son kowa ya yi maka magana. Wannan gajiyar ta gaske ce, domin wuni ka yi kana cike gurbin kalmomin da ba su iso ba. Ka samu ko minti 15 bayan azahar a wuri shiru, yana taimakawa fiye da yadda ake zato.

Maganar girman kai, maganinta a bakinka yake, kuma a ganina ita ce ta fi komai sauƙi amma mutane suka fi jinkirta ta. Mun san nauyin sallama a wurinmu; wanda ya yi maka ba ka amsa ba, ba zai kawo kunne a ransa ba, raini zai kawo. Masu wannan lalura kuma sukan ɓoye don gudun a ce musu kurma, su riƙa gyaɗa kai suna murmushi a kan abin da ba su ji ba, har wata rana a yi musu ta'aziyya su amsa da dariya. Ka faɗa wa maƙwabtan rumfarka, da abokan fada, da limamin unguwa, sau ɗaya a fili: an yi mini aiki, ta dama nake ji, wanda ya yi mini magana ta hagu ban amsa ba ya taɓa ni. Su za su yaɗa maka sauran. Kuma in ba ka ji magana ba, maimakon "me ka ce?" ka faɗi abin da ka kama, "ka ce gobe da ƙarfe nawa?", sai a cike maka gurbin kawai.

Daga nan sai gyaran wurin zama. A rumfa ka juya tabarma ko kujera yadda masu saye za su riƙa zuwa ta gabanka ko ta dama, hagunka kuma ya kalli bango ko kaya. In kana da yaron shago, ya zauna ta hagu, ya zama shi ke ankarar da kai. A fada wurin shayi, kada ka shiga tsakiya, ka zauna a bakin layi yadda jama'a duk za su kasance ta damanka, kuma inda fitila take haska fuskokinsu, domin ido yana ɗaukar magana daga leɓe ko ba a koya masa ba. In hayaniya ta taso daga gefe ɗaya, janareta ko injin niƙa, ka ba ta kunnen hagu. A masallaci, bayan liman ko ɗan hagunsa ya fi maka, don muryarsa ta zo ta kunnen da yake ji. Ranar Juma'a kuma kada ka zauna gindin lasifika. A gida ka yi wa uwargida bayani da kyau. Matan da yawa sukan yi magana daga madafa, ko kai a sunkuye don kunya, kai kuma fuska kake bukata. Ta matso, ta kira ka tukuna, in ka juyo sannan ta faɗi abin da za ta faɗa. Ɗaga murya ba ya ƙara komai, sai dai ya kawo ɓacin rai.

Akwai abin da ba a cika tunawa ba sai ya faru. Yawancinmu a gefen dama muke kwanciya, bisa sunna, kai kuwa kunnen dama shi ne mai ji. Da zarar ka danne shi a matashi, ba kiran assalatu, ba kukan yaro, ba bugun ƙofa. Wasu suna jin daɗin haka don barcin yana yin nauyi, amma mai gida ya kamata ya sani. Ka sa wayarka a kan girgiza ka tura ta ƙarƙashin matashi, ko ka janye kai zuwa bakin matashin yadda kunnen ba zai toshe gaba ɗaya ba, kuma mutanen gida su san cewa in wani abu ya faru da dare taɓa ka za a yi.

Titi shi ne inda nake jin tsoro. Babur zai taho ta hagu, kunnenka ya ce maka ta dama yake. Kada ka ƙara tsallaka hanya da kunne. Ka tsaya, ka duba ɓangarorin biyu da ido, ko a lungunan Birni ne inda kake ganin babu kowa. Tunda a Nijar dama ake bi da mota, in kana tafiya a ƙasa ka bi gefen hagu na titi: kana fuskantar abin da ke tahowa, kuma kunnenka mai ji yana kallon titin. Kada ka amsa waya kana tafiya, don ta toshe kunnen da ya rage maka. In kana hawa babur, madubai biyu dole ne, duk da na san samari sun mayar da cire su ado. Hular kwano ma dole, domin bugun kai a gefen dama yana iya tafiya da jin gaba ɗaya.

Da sannu ƙwaƙwalwa tana koyon wasu dabaru. Za ka ga ka fara juya kai kaɗan-kaɗan in ka ji sauti, kana gane na kusa da na nesa a wuraren da ka saba. Ba ya komawa kamar da, amma yawancin mutane cikin watanni rikicewar farko tana lafawa.

Ƙugin da kake ji kuwa abu ne sananne ga kunnen da ya rasa ji, ba iska ba ne, ba kuma alamar ciwon ya dawo ba ne. Shiru ne yake ƙara masa ƙarfi, shi ya sa ya fi damunka da dare. Ka bar fanka tana juyawa, ko karatu ko rediyo ƙasa-ƙasa, yadda za ka riƙa jin duka biyun. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe shi, sai dai yawanci hankali yana daina bin sa. Shayi mai ƙarfi bayan isha'i yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara ƙugin. In ya kai ga ba ka barci sam, ko ka ga ka daina zuwa fada da suna da ɗaurin aure, ranka a ɓace kullum, ka faɗa wa likita. In kuma akwai jiri, kwanciya ba ta maganinsa. Tafiya a ƙasa kullum da motsa kai a hankali, da izinin wanda ya yi aikin, su ke sa jiki ya daidaita.

Kunnen da aka yi wa aiki yana son abu biyu: kada ruwa ya shiga, kuma kada a fasa zuwa dubawa, don wannan ciwon yana iya komowa ko bayan shekaru. Wajen wanka ka shafa wa auduga man baselin ka toshe bakin ramin. A alwala shafa ce da ɗanyen yatsa a fatar waje, ba zuba ruwa ba. Kada ka fyace hanci da ƙarfi, in atishawa ta zo ka buɗe baki, kuma da hunturu ka rufe kunnen da rawani saboda ƙura. Kafin ka hau jirgi, ko na Umara ne, ka tambayi likitanka. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya, karkacewar baki ko ido ya ƙi rufuwa, ruwa garai-garai yana ɗiga daga kunne ko hanci, ruwa mai wari ya dawo, ko sabon jiri mai kayarwa: ko ɗaya daga cikinsu ka gani, asibiti a ranar.

Amma in ka tambaye ni inda ya fi kamata ka sa hankalinka, kunnen dama ne. Kowa yana ta kallon wanda ya lalace, alhali mai lafiyar ne yake ɗauke da kai yanzu. Ƙara tana kashe ƙwayoyin ji a hankali, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙa'idar wuraren aiki ita ce desibel 85 na awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kacal. Ba ka bukatar na'ura: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin yana cutar da kunne. Injin niƙa, janareta a ƙofar rumfa, lasifikar biki, bindigar da ake bugawa a hawan salla, duk ka ba su tazara, in kuma dole ne ka sayi abin toshe kunne na soso a farmasi, auduga ba ta tare wani abin kirki. Tsinken ashana da gashin kaza da makulli su bar kunnen nan, haka masu yawo suna kwashe dattin kunne, haka man zafi ko ruwan albasa.

Magunguna ma akwai masu taɓa ji: allurar jentamisin, da sitireftomisin, da amikasin, da wasu magungunan daji. Kinin yana kawo ƙugi da toshewa, galibi yana washewa in an daina. Ba cewa nake ka ƙi magani in rai yana bukata ba. Duk inda za a rubuta maka allura, ka ce kunne ɗaya gare ni, mai rubutawa zai auna ya zaɓa. Allurar masu tallan magani a bakin hanya kuwa ka yafe ta. Kuma muna cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, ciwon da yake kurmantar da kunnuwa biyu lokaci ɗaya, don haka in an zo rigakafi ka karɓa. In wata safiya ka tashi ka ji kunnen dama ya toshe farat ɗaya, kada ka ce sanyi ne ka jira. Akwai kurmancin gaggawa da ake yi wa magani, kuma amfanin maganin yana cikin kwanakin farko ne, bayan mako biyu yana raguwa ƙwarai.

Na'urori kuma, odiyogram ne zai nuna wadda ta dace. In katantanwar tana da rai, na'urar ƙara ji ta yau da kullum tana iya aiki bayan kunnen ya warke ya bushe, ko wadda take aika sauti ta ƙashin kai, irin da aka fara dasawa a Suwidin a 1977. Akwai ta ɗaurawa da maɗauri ba tare da aiki ba. In kuwa katantanwar ta mutu, ƙara sauti a wannan kunnen aikin banza ne. Abin da ake yi shi ne na'urar CROS, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1965: ƙaramin makirfo a kunnen hagu yana ɗauko magana ya aika wa na dama. Tana maganin shamakin kai, wanda ya zauna ta hagunka za ka ji shi, amma ba ta nuna maka inda sauti yake, kuma a cikin kasuwa tana iya kwaso hayaniyar hagu ta juye maka a kunne mai lafiya. Dashen katantanwa na lantarki, wanda Amurka ta amince a yi wa masu kunne ɗaya a 2019, shi ne kaɗai yake mayar da ji a kunnen da kansa, amma sai jijiyar tana nan, ga tsada mai yawa, ga zirga-zirgar saiti da horo.

Duk wadda aka nuna maka, ka nemi a ba ka ka gwada ta a rumfarka ranar kasuwa kafin ka biya, ka tambayi inda za ka riƙa samun batir da wanda zai gyara ta in zufa da ƙurar Damagaram sun shige ta. Ƴan ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kan tebur ba tare da awo ba, kada ka sa su a kunnen dama ko da kyauta aka ba ka. Wayarka kuma, in kana sauraro da abin kunne, ka shiga saitin sauti ka kunna "mono" don duk sautin ya taru a gefe ɗaya, ka bar ƙarfinsa bai wuce rabi da kaɗan ba.